Karar da Na Yi wa Safiyatu

Laraba, bayan la'asar

Keken ya iso Maruta yau. Adaidaita sahu ne ruwan ɗorawa, ba sabo dal ba, amma bai ji jiki ba. Yara sun raka shi da gudu tun daga bakin titi har filin firamare. 'Yata Nasiha ma, da take ganin ta zama budurwa, sai da ta yar mini da tsintsiya a tsakar gida ta fita kallo. Ni daga zaure na leƙa, na ce alhamdu lillahi, na koma kan tankaɗena kamar abin bai dame ni ba. Ya dame ni mana.

Ƙungiyar matasan unguwarmu ce ta saye shi don kai marasa lafiya asibitin Birnin Kudu. Ranar da babu mara lafiya, wanda aka ba tuƙi zai yi haya tsakanin nan da Gwaram, ya zuba wa ƙungiya nata, ya riƙe nasa. Sana'a ce sukutum, a garin da samari ke zaman jiran damina. Tun farko sun yi alkawari cewa wanda ya fi kowa yi wa asusun hidima shi zai riƙe makulli.

Shawarar ta yaron nan ce. Ɗan farina nake nufi. Ba na kiran sunansa, ba na yabonsa a gaban mutane, ko a nan da ba mai karantawa sai ni, hannuna ba zai iya rubuta sunan ba. Kakanninmu da shanu suka zo ƙasar nan. Shanun sun ƙare, Fulatancin ya tafi, kunyar ce kaɗai ta ƙi tafiya. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, sai da ya isa shiga makaranta ya dawo hannuna. Yanzu ya haura ashirin, ya fi ubansa tsawo, amma har yau in zan kira shi sai in ce, "Kai, wa ke nan?" Shi kuma ya amsa.

Ranar da Malam, maigidana, ya faɗi a gona da damina, a amalanken shanu aka fito da shi bakin titi. Yaron nan ne ya riƙe kansa a cinya duk tsawon hanyar.  Da sati ya zagayo ya tara abokansa ya ce ba za a sake ɗora uban kowa a amalanke ba. Tun daga nan suke shiga gonakin mutane gaba ɗayansu kamar gayya, sai dai mai gona biya yake yi, kuɗin su wuce asusu. Maimai, cirar gyaɗa, yankan riɗi, babu wanda ya wuce shi. Shi ke bi gida-gida yana tashin masu nauyin barci. Tafin hannunsa duk ya yi kanta.

Ga shi ina yabonsa. To, takarda ai ba mutane ba ce.

Alhamis, da hantsi, a asibiti

Malam ya sha koko rabin kofi. Wannan kwanciyar ta biyu ta fi ta farko tsawo. Ƙaninsa ke kwana da shi, ni in zo da safe in koma da yamma, ranar da na samu mota.

Na ba shi labarin keken. Ya ce, "Wa zai tuƙa?" Na ce ba a yanke ba tukuna. Ya ce, "Ummussalma, ke dai faɗi gaskiya, bakinki har rawa yake yi." Na ce kokonsa ne na ɗanɗana ya ƙone ni. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na yi da-na-sanin ba shi dariyar.

Maganar ita ce an samu gardama. Kuɗin ƙwadagon samarin bai kai ba, sai Badamasi ɗan Safiyatu ya je Kano wurin kawunsa mai sayar da yadi, ya dawo da abin da ya cike giɓin a tashi ɗaya. Yanzu rabin ƙungiya na cewa Badamasi ya fi kowa kawowa, rabi na cewa ba a haɗa gumi da kyautar kawu. Da suka kasa daidaitawa, sai shugabansu Ismail ya ce a miƙa wa kwamitin iyaye. Mu huɗu ne: Baba Sada, Malam Abu na'ibin liman, Safiyatu, da ni. An sa ni don ina koyar da matan aure karatu, an sa Safiyatu don ita ce uwar adashin unguwa. Lokacin da aka zaɓe mu ba wanda ya san 'ya'yanmu ne za su tsaya gaba da gaba. Badamasi ma ɗan farinta ne.

Malam ya ce, "To fa. Masu kunya biyu a tabarma ɗaya. Sai a kwana ba a yanke ba."

Juma'a, bayan azahar

Nasiha ta tsare ni a madafi. "Inna, gobe fa ki buɗe baki. Yaya ya sha wahala, kowa ya gani." Na ce ta ji da albasar da take yankawa, tunda kowa ya gani ai ba sai na faɗa ba. Ta ce, "Inna, zamani ya canja." Na ce zamanin ne ya canja har ya hana ta sa wa miya gishiri jiya?

Yarinyar ba ta san yadda ake yi ba ne. Ni zan ce a ba ɗan Safiyatu, ita kuma ta ce a'a, a ba nawa. Kowa ta yi wa 'yar'uwarta kara, sannan Baba Sada a matsayinsa na babba ya raba gardama. Na kuma san inda zuciyarsa take, da idonsa ya ga wanda ke gaba ranar da aka yanke masa riɗi. Haka iyayenmu suke yi a rabon naman suna da kayan biki, kowa ya tura wa ɗan'uwansa, kuma a ƙarshe kowa ya tashi da haƙƙinsa ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba.

Asabar, bayan magariba

Na yi yadda aka koya mini.

Lahadi, da safe

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in faɗi yadda aka yi, ko nauyin ya ragu.

A wani aji na firamare aka zauna bayan la'asar, mu a bencin gaba, samarin cike a baya har kan tagogi. Ismail yaro ne mai ladabi, ya yi karatu a Dutse, komai nasa a tsare. Ya ce kowa cikin iyaye zai faɗi wanda ya zaɓa. Baba Sada ya ce shi gumi ya sani, ya kira sunan yaron nan. Malam Abu ya ce ba don kuɗin Kano ba da har yanzu keken yana hannun mai shi, ya kira Badamasi. Sai Ismail ya juyo gare ni.

Na gyara mayafina na ce, "A ba ɗan Safiyatu. Yaro ne mai hankali, kuma ya yi ƙoƙari." Da murya mai kyau na faɗa kuwa, don in za ka yi kara ka yi ta cikakkiya. Na juya ina jiran Safiyatu ta mayar mini.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ismail ya ce, "Inna Safiyatu, ke fa?" Shiru. Ya sake tambaya. Can ta ce, "Duk yadda aka yi daidai ne."

Ismail ya ce, "To, biyu da ɗaya, mutum ɗaya bai zaɓa ba. Badamasi ke da makulli."

Baba Sada ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai Ismail, kara ta yi! Ba ka san kara ba ne?"

Ismail ya rusuna ya ce, "Baba, a gafarce ni, na sani. Amma kara ba ta cikin dokar ƙungiya. Abin da baki ya faɗa shi muke ƙirgawa. In ba haka ba, gobe kowa sai ya ce ba abin da yake nufi ba ke nan."

Mutanen Badamasi suka ɗauki tafi da sowa. A wannan lokacin ina da damar in ce na janye. Na buɗe baki, na ga idon jama'a a kaina, na rufe. Ban waiwaya ba, amma na ji lokacin da yaron nan ya tashi ya fita. Na san takunsa.

Litinin, da yamma

Bai shigo ba. Nasiha ta kai masa tuwo shagon abokinsa inda ya koma kwana, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi. Ta dire mini a gaba ba ta ce uffan ba. Da ma rashin kunya ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Laraba, da rana, a asibiti

Malam ya sha koko cokali kaɗan. Ya tambayi maganar keke, na ce ana nan ana shawara. Ƙarya ba ta karɓe ni ba. Ya dube ni, ya ƙyale.

Likita ya kira ni da ƙanin Malam waje, ya yi mana bayani a tsanake, Allah Ya saka masa da alheri. Ba zan rubuta abin da ya faɗa ba. Na dawo na gyara wa Malam matashi, na yanke masa farce.

Laraba, bayan magariba

A motar dawowa wata mata 'yar Kangire ta ce ta ji labarin wata uwa a Maruta da ta hana ɗanta keke ta ba ɗan maƙwabciya. Wai irin waɗannan matan sun ƙare a duniya, Allah Ya yi mata albarka. Duk motar aka ce amin. Ni ma na ce amin, me zan ce?

Alhamis, da safe

Na tashi na tarar da buhunan riɗin Malam jingine a zaure, an kaɗe, an sheƙe, an ɗinke baki tsaf. Yaron nan ya kawo har ƙofa bai shigo ba.

Baba Sada ya biyo ta nan zai tafi gona. Ya ce in na yarda zai sa a sake zama, shi ba ya tsoron dokar yara. Na ce a bar shi, kada ƙungiyar ta rabe biyu keken ya koma kayan faɗa, kuma kada a tozarta Safiyatu a gaban 'ya'yan cikinta. Ya girgiza kai ya ce, "Kin ga, wata karar kike sake yi." Na ba shi ruwa ya sha ya wuce.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Mun yi kaciɓus da yaron nan a zaure. Ya shigo ɗaukar rigarsa, ni kuma zan fita da bokiti. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙo.

Na ce, "Kai, abincin gidan nan laifi ya yi maka?"

Ya ce, "A'a, Inna."

Na ce, "Ai ka san yadda abin yake. Kara ce. Duk wanda ke ɗakin nan ya san kara ce."

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai saba ba. Ya ce, "Na sani, Inna. Ban ce ki yabe ni ba, ban ma taɓa sa rai ba. Amma da shiru kika yi, kamar yadda Inna Safiyatu ta yi. Ita shirunta ya ba ɗanta keke. Ke kuwa da bakinki kika cire shi daga hannuna."

Na ce, "Ba rabonka ba ne."

Ya ce, "Haka ne." Sannan ya ce, "Abokaina suna tambayata wai ke kika haife ni kuwa. Na ce musu haka dai aka gaya mini."

A hankali ya faɗa, ba ɗaga murya, ba raini. Ya ɗauki rigarsa ya fita. Na tsaya riƙe da bokiti na manta inda za ni.

Na ji zafi ƙwarai. Na ji haushinsa, na ji haushin Safiyatu, na ji haushin Ismail da dokarsa, har mahaifiyata da ke kabari sai da na ji haushinta, Allah Ya jiƙanta Ya yafe mini.

Asabar, da sassafe

Ni na haife shi. A ɗakin nan, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Litinin, da yamma

Naƙuda ta kama Zulaiha matar maƙwabcinmu da safe, ta zo da gardama. Keken ya kai ta Birnin Kudu, ta haihu lafiya, mace. An ce Badamasi ya bi da ita a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya sauka ya gaishe ni, ya ce, "Inna, duk ranar da za ki wurin Baba ki aiko mini, ba sai kin tsaya jiran mota ba." Na ce Allah Ya yi masa albarka. Badamasi bai yi mini komai ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, na rasa wanda zan ɗora wa laifi in huta.

Na yi ta juya maganar ina tsintar wake. Ba don kuɗin Kano ba da yau Zulaiha a amalanke za ta fita, wannan gaskiya ne. Amma ba don yaran da suka sha rana a gonaki ba, da wa zai je Kano ya ce a taimaka? Kuma ba kowa ke da kawu mai kanti ba, hannu biyu kuwa kowa Allah Ya ba shi. In lada na wanda danginsa suka fi ƙarfi ne, to baɗi wane ɗan talaka ne zai ɗauki lauje don ƙungiya? Duk wannan hujjar ina da ita ranar Asabar ɗin nan. Wake nake gaya wa yanzu.

Laraba, bayan la'asar

Nasiha ta ce Yaya zai tafi Fatakwal ranar Alhamis ta sama. Wani abokinsa ya samo masa aikin sauke albasa a kasuwa. Har ya sayar da tunkiyarsa ya yi kuɗin mota.

Na ce, "Shi ya aiko ki?"

Ta ce, "A'a. Ya ce ba sai na gaya miki ba, wai ba abin da zai dame ki ba ne."

Samari kullum tafiya ci-rani suke, ba sabon abu ba ne, kuma ba tafiyar nake tsoro ba. Tsorona ya tafi da wannan maganar a ransa, ta je can ta yi saiwa, ya zauna shekara da shekaru yana ganin uwarsa ba ta damu da shi ba. Ga kuma ubansa a kwance. Ban san me zai dawo ya tarar ba.

Alhamis, da hantsi

Safiyatu ta zo. Ta kawo kuɓewa ɗanya a ƙwarya, alhali ta san ina da ita a bayan ɗaki. Na shimfiɗa mata tabarma. Muka gaisa har gaisuwar ta ƙare, muka sake wata.

Can ta ce, "Ummussalma, na san kara kika yi mini. Na san abin da ya kamata in ce, yana kan harshena. Haɗiye shi na yi."

Na ce, "Na gani ai."

Ta ce, "Kin san yadda yaron nan nawa ya dawo daga Kano bara. Kin san waɗanda ya fara zama da su a bayan tasha, da abin da suke sha. Tunda aka fara maganar keken nan yake tashi sallar asuba da kansa. Na duba na ga in ya rasa, ni kuma na rasa shi. Naki ko an hana shi ba zai lalace ba, kowa ya san halinsa. Sai na zaɓi in ji kunyarki."

Na ce, "Wato nawa laifinsa shi ne bai lalace ba."

Ta ce, "Faɗi duk abin da ke bakinki, na cancanta." Ta sa bakin mayafi tana share ido.

Ban ƙara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tanadar mata maganganu masu zafi tun ranar taron, na jera su, na wasa su, yau ga ta a gabana sun ƙi fitowa. Abin da ya taso mini a maimakonsu ya fi kama da kishi. Mu biyu tarbiyya ɗaya aka yi mana, amma da aka zo kan ɗanta ita ta iya, ni na kasa. Na raka ta har zaure, na ce ta gaida gida.

Asabar, da azahar, a asibiti

Malam bai sha kokon ba yau.

Ya ce yaron nan ya zo jiya ya yi masa sallama, ya kuma gaya masa komai. Na zauna ina jiran faɗa. Sai ya yi mini alama in matso, don muryarsa ba ta nisa yanzu.

Ya ce, "Ummussalma, tun yana ƙarami, in kika zuba masa nama kika ce ragowa ce, ni nake bin sa zaure in ce masa tun safe kika ware masa. In ya sa rigar salla kika ce ba laifi, ni nake gaya masa kin zagaya bayan ɗaki kina murmushi. Duk shekarun nan ni ke yi muku tafinta." Ya huta, ya ja numfashi. "Jiya ma na yi. Amma tafintan ya fara gajiya. In ba na nan, wa zai riƙa gaya masa abin da kike nufi?"

Na ce ya daina irin wannan magana, ba inda za shi.

Ya ce, "To, ba inda za ni. Amma ki koyi yaren da kanki."

Na fita wurin famfo na wanke kofin. Na daɗe ina wanke shi, har wata mai jinya ta tambaye ni ko lafiya.

Lahadi, da yamma

Gobe ƙungiya na da taro. Ba a gayyaci iyaye ba.

Litinin, bayan magariba

Na je. Nasiha ta biyo ni ban hana ta ba. A hanya na juya sau biyu zan koma gida, ta tare ni da kallo kawai.

Na yi sallama a ƙofar ajin, hayaniya ta ɗauke ɗif. Ismail ya taso da sauri yana cewa, "Inna, lafiya? A ba ta wurin zama." Na ce a tsaye zan yi.

Na ce, "Ismail, ka ce abin da baki ya faɗa shi kuke ƙirgawa. To, na zo da bakin."

Na ce, "Ban zo a karɓe makulli daga hannun Badamasi ba. An ba shi, yana riƙe da amana, na ga yadda ya kai Zulaiha. Wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Abin da ban faɗa ba ranar nan shi na zo faɗa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na nuna jikin taga inda yake zaune.

Na ce, "Wancan ɗana ne. Ni na haife shi. Shi ya kawo shawarar keken nan, don ya ga ubansa a amalanke. Shi ya riƙa tashe ku da asuba. Na ga ranar da ya dawo daga cirar gyaɗa hannunsa duk bororo, ya kasa cin tuwo, ya ce wai ba ya jin yunwa. A wurina shi ya fi kowa cancanta, kuma tun ranar haka yake a zuciyata. Ina alfahari da shi. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa, ku ƙirga."

Ba wanda ya yi tafi. Wani a baya ya yi 'yar dariyar rashin abin yi, aka zungure shi. Badamasi ya miƙe ya zaro makulli ya ajiye a kan tebur, idonsa ya kaɗa. Sai yaron nan ya ce, "Mayar aljihunka, Badamasi. Naka ne." Abin da ya faɗa ke nan. Bai dube ni ba, kansa na ƙasa.

Ismail ya ce lalle za su gyara, nan gaba a auna aikin jiki daban, gudummawar dangi daban, kuma kada a sake sa iyaye su yi hukunci a kan 'ya'yansu. Na ce wannan su ta shafa, na yi musu sai da safe.

A hanya Nasiha ta kama hannuna ta ce, "Inna, ashe kin iya." Na ce ta rufe mini baki kafin in huce a kanta.

Talata, da la'asar

Labari ya zaga gari kafin rana ta take. Goggo Mero, yayar Malam, ta zo takanas. "Ummussalma! A gaban samari? Ɗana, ɗana, da bakinki? Ina kunyar gidanku?" Na ce tana nan, ajiye ta na yi na ɗan lokaci. Ta ce Allah Ya kyauta, ta ci ɗanwake ta tafi. A ajina ma yau matan sai kallona suke ta ƙasan ido, Sa'adiyya ta karanta layi ɗaya sau uku tana danne dariya.

Shi bai zo ba. Nasiha ta ce jakarsa na nan a ɗaure a shago. Jibi Alhamis.

Wataƙila na zubar da girmana a banza. Ko da haka ne, ya dai ji da kunnensa, ba ta bakin kowa ba.

Laraba, bayan la'asar

Da safe na fito da kwandon abinci zan je bakin titi jiran mota. Ina fita zaure na gan shi a ƙofar gida, zaune a kan babur ɗin abokinsa. Da alama ya jima a wurin.

Ya sauka ya gaishe ni. Ya ce, "Asibiti za ni, Inna. In za ki."

Ban taɓa hawa bayansa ba. Uwa da ɗan fari a babur ɗaya, da rana tsaka, ga mata a ƙofar gidaje sun fito shara. Na ji kunya har tafin ƙafata. Na hau. Na zauna can ƙarshe, na sa kwandon a tsakaninmu, na riƙe ƙarfen baya.

 Sai da muka hau kwalta ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Na fasa tafiyar gobe. Sai Baba ya fito."

Na ce, "Allah Ya fito da shi."

Ya ce, "Amin." 

Can gaba ya rage gudu ya ce, "Inna, ki riƙe ni da kyau, akwai ramuka a gaba."

Na saki ƙarfen, na mayar da kwandon gefe, na dafa kafaɗarsa. Rabona da in taɓa shi tun yana ɗan makaranta. Ashe haka ya yi faɗi.

Ni dai ban ga rami ko ɗaya ba. Ban sake shi ba har ƙofar asibiti.